Gigin tsufa: abin da masu binciken jinya suka gano, da wanda zai yi aiki a gidajenmu

Daga Urafan zuwa Maijirgi, daga Kanambakashe zuwa cikin garin Mayahi, da wuya ka zagaya unguwa guda ba ka samu gidan da ke da tsoho ko tsohuwar da aka ce ta fara ruɗewa ba. Yanzu ta ci tuwo, an ɗauke kwano, ta ce tun jiya ba wanda ya ba ta ko loma. Shi kuma ya kira ɗansa da sunan ƙanensa da ya rasu shekara 30 da suka wuce. Da la'asar sakaliya ta ɗaure ƙunshin kayanta ta ce za ta gida, alhali a wannan ɗakin ta haifi ƴaƴanta duka. Mu muna ce mishi gigin tsufa ko ruɗewar tsufa, manyan gidajen rediyo na cewa cutar mantuwa, a takardar likita kuma za ka ga an rubuta "démence" da Faransanci.

Mun tattara wannan bayani ne domin masu saurarenmu na karkara, da ƴan uwa da ke bida a Libiya, Aljeriya, Najeriya, Kodebuwa da sauran wurare, waɗanda sai dai su ji a waya an ce "Inna fa ba ta gane mutane yanzu". Har yau babu maganin da ke warkar da ciwon. Amma akwai ilimi mai yawa kan yadda ake jinyar mai shi, kuma babban ɓangaren wannan ilimin ma'aikatan jinya ne suka samo shi da bincike, a bakin gadon marasa lafiya. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, mafi yawansa ba ya buƙatar inji ko lantarki ko kuɗi masu yawa.

Mene ne ciwon

Gigin tsufa ba tsufa ba ne kawai. Akwai masu shekara 90 da za su lissafo maka sarakunan garinsu ɗaya bayan ɗaya, su faɗa maka farashin tiyar hatsi a kasuwar da ta gabata. Ciwo ne da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har ya taɓa tunawa, magana, gane hanya, lissafi, da halin mutum. Mantuwar da kowa ke yi, kamar ka manta inda ka aje carbi, ba ita ake nufi ba. Ana maganar ciwon ne idan mantuwar ta kai ta hana mutum abin da ya saba yi da kanshi: ya kasa jera alwalla, ta kasa dama furar da ta yi shekara 50 tana damawa, ya ɓace tsakanin gida da masallaci.

Iri-iri ne. Wanda ya fi yawa shi ne ciwon Alzheimer, sunan wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, da ya fara bayaninsa a 1906 bayan ya bi lamarin wata mata mai suna Auguste Deter, ya kuma duba ƙwaƙwalwarta bayan ta mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda mu nan muka fi sani da OMS, ta ce wannan irin shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu ciwon. Na biyu shi ne wanda ke zuwa daga toshewa ko fashewar jijiyoyin jini a kai, kuma shi ne ɗan uwan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. OMS ta ce sama da mutum miliyan 55 ke ɗauke da ciwon a duniya, ana samun sabbi kusan miliyan 10 kowace shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ne.

Abu guda da ya kamata kowane gida ya riƙe: gigin tsufa a hankali yake shigowa, cikin watanni da shekaru. Idan tsoho lafiya lau yake jiya ko shekaranjiya, yau ya wayi gari yana sambatu, bai san inda yake ba, to wannan wani abu ne daban. Zazzaɓin cizon sauro na kawo shi, ciwon mafitsara, ciwon huhu, ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafin Afirilu da Mayu, faɗuwar suga, ko wani maganin da aka ba shi. Wannan ruɗewar ta farat ɗaya tana warkewa in an yi maganin abin da ya kawo ta, tana kuma kisa in an zauna ana cewa ai tsufa ne. A sa shi a amalanke ko babur a kai shi gidan likita a ranar.

Waɗanda suka ƙidaya

An daɗe ana cewa wannan ciwon Turawa ne, baƙar fata ba ya yin shi. Binciken da ya fara auna maganar da gaske a yankinmu ya soma a 1992, tsakanin jami'ar Ibadan ta Najeriya da jami'ar Indiyana ta Amurka. Farfesa Benjamin Osuntokun ne ya jagoranci ɓangaren Ibadan, bayan rasuwarsa a 1995 Farfesa Adesola Ogunniyi ya ci gaba, Farfesa Hugh Hendrie kuma yana ɓangaren Amurka. Sun bi dubban tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama, Yarabawan unguwar Idikan a Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis, da tambayoyi iri ɗaya, shekara da shekaru. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna cewa a kowace shekara kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ke kamuwa, a Indiyanafolis kuma kashi 3.24. Ma'ana ciwon yana nan Afirka, sai dai ya fi yawa a can, inda hawan jini, ciwon suga da kitse a jini suka fi yawa.

Wanda ya fi shafarmu shi ne na Zariya, tunda mutanen da aka duba yarenmu ɗaya, cimarmu kusan ɗaya. Dokta Abdulkarim Yusuf na asibitin koyarwa na jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa sun duba tsofaffi 322 a gidajensu, suka wallafa a 2011 cewa kashi 2.79 cikin 100 na da ciwon, wato mutum 9, kashi biyu bisa uku daga cikinsu irin na Alzheimer. Wani binciken da aka yi a Jos, aka fitar a 2006, ya samu kashi 6.4 cikin tsofaffi 280. In muka ɗauki waɗannan biyu a matsayin ma'auni, garin da ke da tsofaffi 100 zai iya samun 3 zuwa 6 masu ciwon. Gundumar Tasawa da ta Mayahi kowace ta haura mutum 500,000 tun a ƙidayar 2012. Gaskiya ne Nijar ƙasar yara ce, masu shekara 65 ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, amma lokacin samun ƴancin kai tsawon rai a matsakaici bai kai shekara 40 ba, yau ya haura 60. Ƙungiyar Alzheimer ta duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2017 cewa masu ciwon a Afirka kudu da Sahara miliyan 2.13 ne a 2015, kuma za su kai miliyan 7.62 a 2050.

Akwai wata dabara daga binciken Ibadan da ni dai ta burge ni. Gwajin da Turawa ke yi wa tsoho ya haɗa da ba shi biro a ce ya zana wani abu ko ya rubuta jimla. To kakarmu da ba ta taɓa riƙe biro ba fa? Za ta faɗi gwajin ko da ƙwaƙwalwarta garau take. Sai Farfesa Olusegun Baiyewu da abokansa suka kawo gwajin ashana, suka wallafa shi a 2005: mai gwaji ya jera tsinken ashana huɗu a wani fasali, a ce wa tsoho ya maimaita. Daga baya masu bincike a gundumar Hai ta Tanzaniya suka haɗa gajeren gwaji mai suna IDEA, wanda ma'aikacin lafiya na ƙauye zai iya yi cikin ƴan mintoci, da tambayoyi irin su sunan mai gari, ranar mako, lissafo sunayen dabbobi, da ashanar nan. Kwalin ashana kuwa babu teburin da ba ya sayar da shi.

Matar da ta auna gyambon kwanciya

Likitoci ne suka fi yin ƙidaya. Amma tambayar da ke damun mai jinya kullum, yaya zan yi da shi yau da dare, ma'aikatan jinya ne suka ɗauke ta suka mai da ita bincike.

Ta farko da ya kamata a ambata ita ce Doreen Norton, ƴar Ingila, wadda ta rayu daga 1922 zuwa 2007. A zamaninta ɗakin tsofaffi a asibiti shi ne wurin da ake tura ma'aikacin da ba a so. Ita ta zaɓe shi da kanta. Tare da Rhoda McLaren da Dokta Exton-Smith ta yi bincike a asibitin Whittington na Landan, suka fitar da shi a 1962, kan gyambon da ke fitowa a ƙugu, duwawu, kafaɗa da diddigen wanda ya daɗe kwance. A lokacin kowa da man da yake shafawa. Binciken ya nuna cewa nauyin jiki ne ke danne fata ya hana jini gudana, kuma abin da ke hana gyambon shi ne a riƙa juya mara lafiya a kai a kai. Daga nan al'adar juyi duk awa biyu ta ƙara kafuwa a asibitocin duniya. Ta kuma tsara ma'aunin da ake kira da sunanta har yau, mai duba abu biyar: ƙarfin jiki, hankali, ko yana tashi ya yi yawo, ko yana iya motsawa a shimfiɗa, da ko yana riƙe fitsari da bayan gida. Kowane ana ba shi maki 1 zuwa 4, wanda jimillarsa ta sauko 14 ko ƙasa yana cikin haɗari. A 1982 jami'ar Case Western Reserve ta Amurka ta ba ta kujerar farfesa a fannin jinyar tsofaffi.

A gidajenmu tsoho kan tabarma yake ko gadon kara, wani lokaci kan leda saboda fitsari, ga zafi. Gyambon kan fara da jan tabo ko duhun fata da ba ya gushewa, in ya buɗe kuma rufe shi aiki ne na watanni. Ba sai da agogo ba: a juya shi bayan kowace salla da sau ɗaya a tsakani, da dare ma a tashi a juya, a sa tsumma mai laushi tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin ƙafa yadda diddige ba zai taɓa ƙasa ba, a canza shimfiɗa da ta jiƙe, a duba bayansa da rana tsaka inda ido ke gani.

Maganar ɗaurewa

Nan ne nake so mu tsaya kaɗan, don abu ne da ake yi ba a faɗa. Tsohuwa ta dame mutane da fita, an tsinto ta sau biyu a bakin rijiya, sau ɗaya a hanyar gona, kowa zai tafi aiki da damina. Sai a ja ƙofa a sa kwaɗo, ko a ɗaura mata igiya a ƙafa. Ba mugunta ke sa mutane haka ba, tsoro ne da rashin mai zama. Kuma kada mu ɗauka mu kaɗai ne. A Amurka, da duk kuɗinta, har cikin shekarun 1980 ɗaure tsofaffi a gado ko kujera da ɗamara aikin yau da kullum ne a gidajen kula da su, da hujjar kada su faɗi.

Wasu malaman jinya biyu na jami'ar Fensilbaniya, Farfesa Lois Evans da Farfesa Neville Strumpf, suka ce bari a auna a gani ko hujjar gaskiya ce. Sun tambayi tsofaffin da aka ɗaure abin da suke ji, suka ji fushi, tsoro da wulaƙanci. Sun je Sikotilan sun tarar can da ƙyar ake ɗaure kowa, kuma tsofaffinsu ba su fi karyewa ba. Sun tattara illolin ɗaurin: ƙafafu na mutuwa, gyambo na fitowa, fitsari na kuɓucewa, ruɗewa na ƙaruwa, wasu ma ɗamarar ke shaƙe su garin ƙoƙarin kuɓuta. Sannan suka yi gwaji a gidajen tsofaffi uku a yankin Filadelfiya, wanda suka wallafa a 1997. Inda aka koyar da ma'aikata aka kuma haɗa su da ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya mai zagayowa tana duba lamarin kowane tsoho, ɗaurin ya ragu da fiye da rabi, ba tare da an ƙara ma'aikata ba, ba a ƙara ƙwayoyin sa barci ba, kuma munanan raunuka ba su ƙaru ba. Aikinsu da dokar gyaran gidajen tsofaffi ta 1987 suka haɗu, waɗanda ake ɗaurewa kullum a Amurka suka sauko daga kashi 21 cikin 100 a 1991 zuwa ƙasa da kashi 5 a 2007.

Tambayar da suka koya wa ma'aikata su riƙa yi ita ce: me ya tashe shi? Mai ciwon ba ya yawo a banza. Fitsari ya matse shi bai gane hanyar makewayi ba, ko yunwa, ko ciwo, ko hayaniyar yara ta ishe shi, ko jikinsa ya tuna lokacin da ya saba fita kiwo ko kasuwa. Idan da la'asar take ɗaure kaya, to kafin la'asar a ba ta aikin hannu da ta sani: tsince wake, ɓarar gujiya, kaɗin auduga in tana yi a da. In ta ce za ta gidan ubanta kada a ce mata ya mutu, don kowane faɗi sabon makoki ne a gare ta. A ce mu sha fura tukuna, ko a raka ta a zaga bayan gida a dawo. A rufe rijiya, a kawar da wuƙa, maganin ƙwari da garwashi. A faɗa wa maƙwabta, mai shago da yaran unguwa gaskiya, domin a ƙauye idon jama'a ya fi kwaɗo. A ɗinka takarda mai lambar waya a cikin aljihun rigarsa.

Haka nan ƙwayar sa barci ɗauri ce, ta ciki. Diyazefam da ire-irenta da ake saye a hannun masu tallan magani ranar kasuwa suna ƙara wa tsoho ruɗewa, su sa shi tangaɗi ya faɗi ya karya ƙugu. Ko magungunan masu taɓin hankali na asibiti, an tabbatar suna ƙara haɗarin shanyewar jiki da mutuwa ga mai gigin tsufa, shi ya sa likita ke ba da su kaɗan, na ɗan lokaci, in babu makawa.

Ciwon da baki ba ya faɗa, da cin abinci

Idan ciwon ya yi nisa, mutum ba ya iya cewa nan ke mini ciwo. Sai ya yi ihu, ko ya kai duka in an zo ɗaga shi, a ce ya zama mafaɗaci. Farfesa Jennifer Abbey, malamar jinya a Ostareliya, ta fitar da ma'auni a 2004 na gane ciwo ga wanda ba ya magana. Abu shida ake dubawa: nishi ko kuka, yamutsa fuska, yadda yake riƙe jiki ko kare wani wuri, canjin hali kamar ƙin abinci, canjin bugun zuciya ko zufa ko zafin jiki, da abin da ido zai gani kamar rauni, kumburin gaɓa ko gyambo. Sau da yawa ruɓaɓɓen haƙori ne, ko kwana biyar bai yi bayan gida ba. In aka yi maganin wannan sai faɗan ya kwanta.

A Edinbara ta Sikotilan kuma Roger Watson, shi ma malamin jinya, ya yi nazarin wahalar ciyar da masu ciwon a farkon shekarun 1990. Abin da ma'aikatan jinya ke koyarwa a nan kaɗan ne: a zaunar da shi tsaye, kada a ɗura mishi yana kwance, loma ƙanana, a jira ya haɗiye, a bar shi ya ci da hannunsa muddin yana iyawa. Wanda ruwa ke sarƙewa, kunu mai ɗan kauri ya kan fi mishi sauƙin haɗiya. Shi ba zai ce yana jin ƙishirwa ba, sai an riƙa miƙa mishi.

Ba maita ba ce

Tsohuwar da aka gani tsakar dare a ƙofar gidan wani, ba ɗankwali, tana kiran sunayen matattu, kowa ya san abin da za a fara raɗawa. Mafi muni, in aka tsare ta da tambaya za ta iya amsa cewa e, ita ta kama kurwar yaron, domin ba ta san abin da ake tambayar ta ba. A arewacin Gana akwai sansanoni irin na Gambaga inda matan da aka kora da zargin maita ke zaune, a Wagadugu akwai cibiyar Delwende, kuma a Yulin 2020 an kashe wata tsohuwa mai shekara 90, Akua Denteh, da duka a garin Kafaba na Gana kan wannan zargi. Ba kowace da aka zarga ke da gigin tsufa ba, amma masu ciwon na cikin waɗanda suka fi saurin faɗawa. Malamanmu sun san Alƙur'ani ya ambaci wannan matakin na rayuwa a Suratun Nahli da Suratul Hajji, inda sani ke kuɓuce wa mutum bayan ya sani, kuma sun yi bayanin cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da laifin salla ko azumi. Addu'a da tofi ba su hana zuwa likita.

To a nan gida wa zai ɗauki aikin?

Tsarin lafiyarmu daga ƙasa yake farawa: ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, sai CSI, sai asibitin gunduma a Tasawa ko Mayahi, sai manyan asibitocin Maradi, sai Yamai. Likitocin ƙwaƙwalwa da na jijiya ƙalilan ne, mafi yawansu a manyan birane. Wanda tsohon Urafan zai gani shi ne majo, kuma majo ma'aikacin jinya ne. Sai dai aikin da aka ɗora mishi ya fi karkata ga yara da mata masu ciki: rigakafi, tamowa, zazzaɓi, awo. Ko tsarin magani kyauta da aka kawo a 2006 yara ƴan ƙasa da shekara biyar da mata ya fi shafa. Wannan daidai ne a ƙasar da yara ke mutuwa, ba mu ce a rage musu komi ba. Amma tsoho in ya zo, kuɗinsa zai biya, kuma da wuya a tambaye shi wani abu game da mantuwa.

Kayan aikin suna nan. Tun 2010 OMS ta fitar da littafin jagora na shirin mhGAP, wanda aka rubuta musamman don ma'aikacin lafiyar da ba ƙwararre ba, akwai shi da Faransanci, kuma akwai babin gigin tsufa a ciki. A 2017 ƙasashen duniya sun amince da shirin aiki kan ciwon. Makarantun da ke horar da ma'aikatan jinyarmu suna nan, ENSP ta Damagaram da ta Yamai, wadda ke ɗauke da sunan Damure Zika, shi kanshi ma'aikacin jinya ne kafin duniya ta san shi a fim. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi tana da sashen kimiyyar lafiya. Kowace shekara ɗalibai na rubuta kundin kammala karatu. A ganina, ɗalibi guda da zai ɗauki kwalin ashana da tambayoyin nan da aka mayar Hausa, ya zaga ƙauyuka goma na Urafan gida gida, zai kawo abin da hukuma za ta iya yin tsari a kai. Sai dai ɗalibi ba ya zaɓar fannin da babu malamin da zai duba mishi aiki, babu kuma muƙamin da zai hau in ya gama. Amfanin kujerar farfesa ke nan irin wadda aka ba Norton: tana sa fannin ya samu magada.

Maƙwabtanmu sun ɗan yi gaba. Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen digirin jinya tun 1965, kuma a nan Elfrida Adebo ta zama farfesar jinya ta farko a Najeriya. A 2012 asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da tsofaffi ta Tony Anenih. A Ingila kuwa akwai ma'aikatan jinya na musamman da ake kira Admiral, waɗanda aikinsu shi ne bin iyalan masu ciwon har gida suna koya musu jinya. Wannan na ƙarshe shi ya fi kama da abin da zai yiwu a nan, tunda muna da ƴan sa-kai na lafiya da ke shiga gidaje don yara, kuma tsohuwar tana zaune a tsakar gidan da suke shiga.

Abin da ake iya karewa

Kwamitin masana na mujallar Lancet, ƙarƙashin Farfesa Gill Livingston, ya ce a rahotonsa na 2024 kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon na da alaƙa da abubuwa 14 da za a iya gyarawa. Waɗanda suka fi kusa da mu: hawan jini, ciwon suga, taba, rashin karatu tun yarinta, buguwar kai irin ta haɗarin babur ba hular kwano, kurumta, raunin gani, zaman kaɗaici da gurɓatacciyar iska. Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa mutane ke barin magani da sun ji sauƙi, alhali shan shi ba a yankewa. Awonsa a CSI minti biyu ne. Yanar ido kuma ana cire ta da ɗan ƙaramin aiki, kuma tsohon da aka ce ya ruɗe wani lokacin gani ne da ji suka tafi suka bar shi cikin duhu.

Ga ƴan uwa da ke nesa

A mafi yawan gidaje nauyin kan mace guda yake faɗawa, matar ɗa ko ƴar da aurenta ya mutu, ga nata yara ga daka ga ɗiban ruwa. Ita ce kuma tsohuwar za ta ce ta sace mata kuɗi, ko ba ta ba ta abinci. In kun kira kun ji haka, ku bincika kafin ku yi faɗa, domin zargin sata da na yunwa suna cikin alamomin ciwon da aka fi sani. Ku tambayi mai jinyar ita ma yaya take, tana samun barci kuwa. Kuɗin da za ku turo ya fi amfani a katifa mai laushi, leda da zannuwan canji, sabulu, fitila mai caji da za ta kwana a kunne, maganin hawan jini na wata wata, da ɗan abin da za a ba wadda za ta karɓe ta kwana ɗaya ko biyu a mako. Ku yi hattara da duk mai cewa yana da maganin da zai dawo da tunani. Magungunan da ke akwai, irin su donefezil, ɗan sassauci suke kawowa na wani lokaci ga wasu, sabbin allurai da Amurka ta amince da su daga 2023 kuwa jinkirta ciwon kawai suke yi ga waɗanda yake farkon kamawa, da tsada mai yawa da hoton kai a kai a kai.

In kun kira ta a WhatsApp kada ku ce "kin gane ni?" Ku faɗi sunanku da na mahaifinku, ku ɗauko hirar da, ta garin da aka haife ta ko ta shekarar da aka yi wata yunwa, don tsohon tunani shi ke ƙarshen tafiya.

Ranar da za a kai ta wurin majo, wanda ke kwana da ita ne zai raka ta, ba wanda ya fi iya Faransanci ba. A tafi da duk magungunan da take sha a leda guda, har na gargajiya da na kasuwa. A shirya amsar abu huɗu: yaushe aka fara lura, a hankali ya zo ko farat ɗaya, me take yi da kanta bara wanda bana ba ta iyawa, kuma ta taɓa faɗuwa ko bakinta ya karkace. A roƙi a auna mata jini da suga, a duba ido, kunne, baki da fatar baya. Ranar 21 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon Alzheimer ta duniya.